Tambaya da Amsa: Ina Duwatsun da Suka Fi Tsufa Suke, a Kan Tudu da Ƙarƙashin Teku?

A wannan fitowar mun ware filin gaba ɗaya ga tambayoyi huɗu da suka shafi duwatsu da shekarunsu. Domin sauƙin kwatantawa, duk manyan shekarun da za a ambata an rubuta su ne da miliyoyi, wato maimakon a ce biliyan 4, za a ce miliyan 4,000.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare da ke Gusau. Wani ɗalibina ya tambaye ni inda ake samun duwatsun da suka fi tsufa a duniya, a kan tudu da kuma ƙarƙashin teku. Na ce masa a ganina na ƙarƙashin teku ne za su fi daɗewa, tunda a can babu ruwan sama ko iska ko masu fasa dutse da za su taɓa su, amma hankalina bai kwanta da amsar ba. Ina neman ƙarin bayani.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Dalilin da ka kawo dalili ne da hankali zai karɓa, kuma kafin tsakiyar ƙarni na 20 masana da yawa ma haka suka ɗauka, suna zaton ƙasan teku tsohon wuri ne da ya zauna yadda yake tun farkon duniya. Da aka samu kayan awo aka shiga tekun aka auna, sai aka tarar akasin haka ne, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Dutse mafi tsufa a kan tudu ya haura shekara miliyan 4,000, amma a manyan tekuna da ƙyar ake samun ƙasan da ya wuce shekara miliyan 180, ka ga na tudu ya ninka na teku fiye da sau 20.

Mu fara da tudu. Dutsen da masana suka fi yin ittifaƙi a kan tsufansa yana arewa maso yammacin Kanada, a bakin kogin Acasta, kimanin kilomita 300 arewa da garin Yellowknife, a wani wurin da babu hanyar mota, sai dai a je da ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa. Dutse ne mai zane-zane, layin fari da na baƙi suna bin juna a mummurɗe, domin asalinsa narkakken dutse ne da ya daskare can ƙarƙashin ƙasa, daga baya zafi da matsi suka sake toya shi suka lanƙwasa shi. A shekarar 1989 Samuel Bowring da abokan aikinsa suka auna shi suka samu shekara miliyan 3,960, sannan a 1999 aka auna wani ɓangarensa aka samu kimanin miliyan 4,030. Ita kanta duniya an ƙiyasta shekarunta a miliyan 4,540, saboda haka ko wannan dattijon dutse ya zo ne bayan duniya ta riga ta yi kusan shekara miliyan 500 da samuwa.

Akwai wani wurin kuma, shi ma a Kanada, da ke ja da Acasta a kan wannan matsayi. Sunansa Nuvvuagittuq, yana gabar gabas ta mashigin tekun Hudson a arewacin lardin Kebek, kusa da ƙauyen Inukjuak na mutanen Inuit. A 2008 Jonathan O'Neil da abokan aikinsa suka ce duwatsun wurin sun kai shekara miliyan 4,280, amma wasu masanan suka ƙi amincewa, suka ce abin da aka tabbatar bai wuce miliyan 3,800 ba. Tushen saɓanin shi ne, irin wannan dutse ba ya ɗauke da ma'adinin zirkon, wanda da shi ne aka fi dogara wajen awon shekaru, don haka dole aka bi wata hanyar awo da ta fi buɗe ƙofar gardama. A 2025 an fitar da sabon awo a kan wani narkakken dutse da ya kutsa cikin tsofaffin duwatsun wurin ya daskare, aka samu miliyan 4,160, kuma tunda abin da ya kutsa ba zai riga abin da aka kutsa cikinsa samuwa ba, hakan ya ƙara wa masu da'awar farko ƙarfi. A ra'ayina, idan ɗalibi zai rubuta amsa a jarrabawa, Acasta ne ya fi aminci, sai ya ƙara da cewa Nuvvuagittuq na iya fin sa tsufa.

Sau da yawa za ka ji ana cewa abu mafi tsufa yana Ostireliya, kuma wannan ma gaskiya ne, amma da sharaɗi. A tsaunukan Jack Hills da ke yammacin ƙasar, kimanin kilomita 800 arewa da birnin Perth, an samu ƙwayoyin zirkon waɗanda girman kowace bai kai rabin milimita ba. A 2001 Simon Wilde da abokan aikinsa suka ba da rahoton wata ƙwaya mai shekara miliyan 4,404, kuma a 2014 John Valley ya jagoranci wani awo da ya tabbatar da miliyan 4,374 a kan wata ƙwayar. Sai dai waɗannan ƙwayoyi ne kawai. Dutsen da suka fara tsirowa a cikinsa ya daɗe da rugujewa, ruwa ya kwashe su tare da yashi da tsakuwa ya jibge, jibgin kuma ya dunƙule ya zama wani sabon dutse kimanin shekara miliyan 3,000 da suka wuce. Don haka Ostireliya ke da ma'adini mafi tsufa da aka samu na wannan duniya, Kanada kuma ke da dutse mafi tsufa. Darajar ƙwayoyin ta wuce shekarunsu, domin sinadaran da ke cikinsu sun nuna alamar cewa tun a wancan lokaci akwai ruwa a doron ƙasa.

Bayan waɗannan sai Isua a yammacin Girinland, mai shekara miliyan 3,700 zuwa 3,800, da yankin Pilbara a Ostireliya, da tsaunukan Barberton da ke kan iyakar Afirka ta Kudu da Eswatini, waɗanda suka kai kimanin miliyan 3,500, kuma hukumar UNESCO ta sanya tsaunukan Barberton cikin wuraren tarihi na duniya a 2018. Duk waɗannan wurare suna cikin tsofaffin cibiyoyin nahiyoyi ne, wato ɓangarorin da suka yi kauri, suka yi sanyi, suke da saiwa mai zurfin kilomita 200 ko fiye, har ya zama girgizar ƙasa da aman wuta sun daɗe da barin su.

Yanzu sai teku, kuma a nan ne ya kamata ka tsaya wa ɗalibanka sosai, domin idan suka gane dalilin ƙuruciyar ƙasan teku, za su iya nuna wurin da tsohonsa yake a kan taswira da kansu.

Ɓawon duniya ba dunƙulalle ɗaya ba ne. Ya tsattsage zuwa manyan ɓangarori da ke tafiya a hankali, 'yan santimitoci a shekara. A ƙarƙashin tekuna akwai wani jerin tsaunuka mai tsawon kimanin kilomita 65,000 da ya kewaye duniya, kuma a tsakiyar jerin akwai tsaga inda ɓangarori biyu ke rabuwa. Duk sa'ad da suka ja da baya, narkakken dutse yakan taso daga ƙasa ya cike gurbin, ya daskare ya zama sabon ƙasan teku, sannan shi ma a ja shi gefe domin wani ya biyo baya. Abin ya yi kama da taliyar da ke fitowa daga injin murji: wadda ke bakin injin ita ce sabuwa, wadda ta fi nisa da bakin ita ce ta fara fitowa. A tsakiyar Tekun Atilantika rabuwar takan kai santimita 2 zuwa 5 a shekara, a gabashin Tekun Fasifik kuwa har ta kan kai santimita 15. A ƙasar Aisland wannan tsaga ta ɓullo saman ruwa, mutum yana iya tsayawa a cikinta da ƙafarsa.

To, tunda duniya ba ƙara girma take yi ba, dole ne abin da ake ƙerawa a nan ya ɓace a wani wuri. Idan aka kwatanta da ruwa, dutsen nahiya ya ninka shi nauyi kimanin sau 2.7, na ƙasan teku kuwa kimanin sau 3.0. Bugu da ƙari, yayin da ƙasan teku ke nisa daga inda aka haife shi yana ƙara hucewa, yana ƙara kauri da nauyi, har ya kai lokacin da abin da ke ƙarƙashinsa ba zai iya riƙe shi ba. Idan ya ci karo da wani ɓangaren sai ya sunkuya ya nutse ƙarƙashinsa, ya koma cikin zafin ƙasa. Wuraren nutsewar su ne ramukan teku masu zurfi, irin ramin Mariyana da ya kai kusan kilomita 11, kuma a gefensu ne ake samun manyan girgizar ƙasa da duwatsu masu aman wuta na Japan da Indunisiya da Chile. Dutsen nahiya kuwa rashin nauyinsa ne ya cece shi. Ana iya matse shi, a naɗe shi, a toya shi, ruwa ya zaizaye samansa, amma yana da wuya a nutsar da shi gaba ɗaya. Ruwan sama da iskar da ka ambata, Malam, suna cin dutse daga sama ne kaɗan-kaɗan, har ma su ne suke tone tsofaffin duwatsun da ke binne su fito fili, alhali nutsewa takan haɗiye ƙasan teku ɗungurungum.

Wannan bayani bai samu karɓuwa ba sai da hujjoji suka taru. Harry Hess ya gabatar da ra'ayin a 1962. A 1963 Fred Vine da Drummond Matthews a Ingila suka kawo hujjar maganaɗisu, wadda Lawrence Morley na Kanada shi ma ya gano a nasa ɓangaren. Narkakken dutse idan yana daskarewa, ƙananan ƙwayoyin ƙarfen da ke cikinsa sukan fuskanci inda maganaɗisun duniya ya nufa a lokacin, su kafe a haka. Shi kuma maganaɗisun duniya yakan juya lokaci zuwa lokaci, arewa ta koma kudu, kuma juyawar ƙarshe ta faru kimanin shekara 780,000 da suka wuce. Da aka ja na'urar awo a bayan jiragen ruwa, sai aka ga ƙasan teku ya kasu layi-layi, wannan ya fuskanci arewa, na gaba ya fuskanci kudu, kuma layukan da ke gabas da tsagar sun yi daidai da na yamma da ita. A ƙarshen 1968 jirgin haƙa mai suna Glomar Challenger ya tashi daga Dakar ya ratsa kudancin Atilantika zuwa Burazil yana haƙa ramuka a jere, aka tarar duk ramin da ya fi nisa da tsakiyar teku, abin da ke ƙasansa ya fi tsufa.

Saboda haka tsohon ƙasan teku yana inda ya fi nisa da tsagar da ta haife shi, muddin bai riga ya nutse ba. A Fasifik wurin yana can yamma, gabas da tsibiran Mariyana, a wani kwari da ake kira Pigafetta, inda aka ƙiyasta mafi tsufansa da kimanin shekara miliyan 180. A ƙarshen 1989 jirgin JOIDES Resolution ya yi haƙa a wurin, cikin ruwa mai zurfin fiye da mita 5,600, ya ratsa ɗaruruwan mitoci na laka da ta taru, ya ciro baƙin dutse mai kusan shekara miliyan 170. Wannan yanki yana tafiya ne zuwa ramin Mariyana, wato yana bakin ƙofar nutsewa. A Atilantika kuma mafi tsufa yana gefe biyu, daura da gabar gabashin Amurka da kuma daura da Maroko da Muritaniya, shi ma bai yi nisa da miliyan 180 zuwa 190 ba, domin a lokacin ne wannan sashe na tekun ya fara buɗewa.

Akwai togaciya ɗaya da ta cancanci ambato, wato gabashin Bahar Rum. A 2016 Roi Granot na Jami'ar Ben-Gurion ya fitar da sakamakon awon maganaɗisu da ya yi a wani kwari mai suna Herodotus, arewa da gabar Masar, ya ce ƙasan wurin ya kai kimanin shekara miliyan 340. Ana ganin saura ne na wani tsohon teku da ya taɓa raba Afirka da nahiyoyin arewa, wanda mafi yawansa ya riga ya nutse, wannan guntun kuma ya maƙale tsakanin nahiyoyi. Sai dai dutsen yana binne ƙarƙashin laka mai kaurin fiye da kilomita 10, ba a taɓa ciro ko ɓallinsa ba, don haka ƙiyasi ne daga nesa, ba kamar na Fasifik da aka riƙe a hannu aka auna ba. Ko da an karɓi adadin, Acasta ya ninka shi kusan sau 12.

Abubuwa biyu kuma sukan rikita ɗalibai. Na farko, wani lokaci maimakon ƙasan teku ya nutse, sai karo ya ture wani yankinsa ya hau kan tudu, kamar yadda ya faru a tsaunukan Oman, inda mutum zai taka ƙasan teku mai kimanin shekara miliyan 95 a busasshiyar ƙasa, kuma a Finland akwai irinsa da ya kusa miliyan 2,000. Na biyu, ba duk abin da ruwa ya rufe ne ƙasan teku na ainihi ba, domin gefen nahiyoyi yakan miƙe ƙarƙashin ruwa, akwai kuma gutsattsarin nahiya da suka ɓalle suka saura a tsakiyar teku, irin tsibiran Seshel da duwatsunsu suka kai kimanin miliyan 750.

TAMBAYA: Malam, ni daga Damagaram nake rubutowa. Ina yawan jin ana cewa dutse kaza shekararsa miliyan kaza, alhali babu wanda ya ga ranar da aka yi shi. Ta yaya ake sanin wannan? Ko da awon kabon ɗin nan ne da ake yi wa tsofaffin ƙasusuwa?

AMSA: Malam, ba da kabon ba ne. Awon kabon yana aiki ne a kan abin da ya taɓa rayuwa, kamar itace da gawayi da ƙashi, kuma iyakarsa kimanin shekara 50,000, domin irin kabon da ake aunawa rabinsa yakan ƙare cikin shekara 5,730. Ga tsofaffin duwatsu ana dogara ne da yuraniyom, wato ma'adinin nan da ake haƙowa a Arlit.

Yuraniyom yana rikiɗewa da kansa ya zama dalma, a kan wani ƙayyadadden sauri da zafi ko sanyi ko matsi ba sa canza shi. Iri biyu ake amfani da su. Wanda ake kira 238 rabinsa yakan rikiɗe cikin shekara miliyan 4,470, wanda ake kira 235 kuma cikin shekara miliyan 704, kuma kowane yana haifar da nasa irin dalmar daban. An san wannan sauri ne ta hanyar ƙirga rikiɗewar da na'ura a ɗakin gwaji, tunda ko a ɗan mitsitsin yuraniyom ƙwayoyin zarra suna da yawan da a kowace daƙiƙa wasunsu suna rikiɗewa.

Inda zirkon ya shigo shi ne, a lokacin da ƙwayarsa take tsirowa cikin narkakken dutse, takan karɓi yuraniyom a jikinta amma ta ƙi dalma. Ke nan duk dalmar da aka tarar a cikinta daga baya, a ciki aka haife ta. Idan aka auna yawan yuraniyom da ya rage da yawan dalmar da ta taru, lissafi zai ba da tsawon lokacin da ya wuce. Kuma tunda iri biyu ne suke tafiya a kan sauri daban-daban, ƙwaya ɗaya tana ɗauke da shaidu biyu: idan amsarsu ta zo ɗaya an samu natsuwa, idan ta saɓa an san dalma ta tsere daga ƙwayar a wani lokaci, sai a yi hattara da sakamakon. Aikin kansa na haƙuri ne. Ana daka dutsen ya zama gari, a rairaye, a ware masu nauyi, sannan a tsince ƙwayoyin zirkon ɗaya bayan ɗaya ƙarƙashin madubin ƙara girma, a kafa su a cikin danƙo, a goge har tsakiyarsu ta bayyana. A nan ake ganin zobe-zobe a jikin ƙwayar, tsakiya tsohuwa, gefe kuma ya ƙaru daga baya, sai a saita na'ura a kan ɗigon da bai kai kaurin gashin kai ba. Masu aikin kuza a Jos sun san zirkon, domin yana cikin yashi mai nauyi da ke saura bayan an wanke kuza.

Abin da awon yake bayarwa shi ne lokacin da dutsen ya daskare, ba lokacin da aka halicci sinadaran da ke cikinsa ba. Dutsen da ya sake narkewa gaba ɗaya lissafinsa yakan koma farko, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa duwatsun shekara miliyan 500 na farkon duniya suka yi wuyar samu.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a Zariya. Duk misalan da ake ba mu a aji na ƙasashen waje ne. Shin a ƙasarmu babu tsofaffin duwatsu? Ina shekarun irin su dutsen Kufena?

AMSA: Malama, akwai, kuma ba su da nisa da ke. A 2001 Alfred Kröner da Barth Ekwueme na Jami'ar Kalaba da Robert Pidgeon suka wallafa awon zirkon daga wani dutse mai zane-zane a Kaduna, suka samu shekara miliyan 3,571, abin da ya sanya shi cikin mafi tsufan da aka auna a Afirka ta Yamma, sa'an duwatsun Barberton. Abin lura shi ne, irin wannan dutse ba ya ɗaukar ido, sau da yawa falale ne a bakin rafi ko a ramin masu fasa dutse. Manyan duwatsun da ke tsaye a sarari kamar Kufena da Kwatarkwashi sun fi shi ƙuruciya nesa ba kusa ba, domin suna cikin waɗanda suka daskare kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da tsofaffin ɓangarorin Afirka suka yi karo suka haɗe. Wannan karo ya sake toya mafi yawan tsofaffin duwatsun arewacin Najeriya, shi ya sa ragowar na farko suka zama tsilli-tsilli.

Duwatsun da ke ba da kuza a Filato sun zo ne daga baya, kimanin shekara miliyan 160 zuwa 170, kuma suna cikin wani jeri da ya faro daga tsaunukan Azbin a Nijar, inda ya haura miliyan 400, yana ƙara ƙuruciya yayin da ake gangarowa kudu. Masana suna kiran na Filato ƙananan duwatsu, wato a shekaru, idan an gwada su da irin su Kufena, amma duk da haka sa'o'in ƙasan Fasifik ne da aka haƙo a Pigafetta. Yankin Sakkwato da na tafkin Chadi kuwa shimfiɗa ce ta yashi da laka da farar ƙasa da ta rufe tsohon dutsen, kuma a ƙasar Sakkwato ana samun burbushin halittun ruwan gishiri, domin kimanin shekara miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce wani reshen teku ya malalo ta Sahara har can.

Ƙasan tekun da ke daura da Legas bai wuce kimanin shekara miliyan 100 zuwa 110 ba, domin kafin nan Najeriya da arewa maso gabashin Burazil a manne suke. Kwarin Binuwai wata tsaga ce da ta fara buɗewa a lokacin rabuwar, amma ta tsaya ba ta zama teku ba.

TAMBAYA: Malam, ina duwatsun da ke faɗowa daga sama? Na ji an ce sun fi duk na ƙasa tsufa. Daga wani mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Mafi yawansu haka ne, Malam. Galibinsu gutsattsari ne da suka saura tun lokacin da rana da duniyoyin da ke kewaye da ita suke haɗuwa, ba su shiga cikin wata babbar duniya da za ta narkar da su ba, don haka shekarunsu sukan kai kimanin miliyan 4,560. Da irinsu ne ma Clair Patterson ya ƙiyasta shekarun duniya a 1956, ya samu miliyan 4,550, adadin da har yau bai canza sosai ba. A 2020 an tsinci wani a hamadar Erg Chech ta Aljeriya, wanda ya daskare daga narkakken dutse kimanin shekara miliyan 4,565 da suka wuce. Ba a lissafa su cikin duwatsun duniya mafi tsufa ne kawai saboda ba a nan aka yi su ba.

Amma ba duka ne tsofaffi haka ba, kuma misalin yana kusa da kai. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kimanin kilo 18 ya faɗo a Zagami cikin ƙasar Katsina, kusa da wani manomi da ke gonarsa. Bincike ya nuna daga duniyar Mars ya fito, kuma ya daskare ne kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce, wato Kufena ya ninka shi tsufa fiye da sau 3. Wanda ya tsinci baƙin dutse mai nauyi yana zaton na sama ne, ya kai shi sashen ilimin duwatsu na jami'a mafi kusa a duba masa, domin mafi yawan abin da ake tsinta a ƙasar Hausa yakan zama tama ne ko kashin ƙarfe da tsofaffin maƙera suka bari a wuraren narka tama.